Yadda matuƙa ke rayuwa a tsakiyar Tekun Atlantika

A ƙarshen watan Nuwamba na kowace shekara, ƙananan jiragen ruwa sama da ɗari sukan tashi daga Las Palmas da ke tsibiran Kanari na ƙasar Sifaniya, su nufi tsibirin Saint Lucia a yankin Karibiyan. Wannan ayari, wanda aka fi sani da ARC, Jimmy Cornell ne ya kafa shi a shekarar 1986.

Iska ce ke tura jiragen ta hanyar manyan ƙyallaye da ake kira filafilai. Tazarar ta kai kilomita 5,000, kuma galibinsu sukan shafe kusan mako uku ba su ga tudu ba. Ana zaɓar wannan lokaci ne saboda kakar mahaukaciyar guguwa tana ƙarewa a Nuwamba, sannan iskar arewa maso gabas tana kaɗawa a kai a kai. Ita ce iskar da ta kai Christopher Columbus yankin a 1492.

Sai dai abin da ya fi gwada ƙarfin matafiyan ba guguwa ba ne. Barci ne, da ruwan sha, da kuma haƙuri da juna.

Gadi dare da rana

Jirgin ba ya tsayawa idan dare ya yi, domin babu inda za a ɗaure shi. Saboda haka akan raba aikin gadi, kowa ya yi sa'a uku ko huɗu yana lura da alkibla, da sauyin iska, da fitilun manyan jiragen dakon kaya.

Idan mutum biyu ne kawai a ciki, da wuya ɗayansu ya yi barcin da ya wuce sa'a huɗu a jere. Gajiya kuwa ita ce mafarin yawancin kurakurai.

Mai gadin dare yakan sa rigar da ke hana nitsewa, ya kuma ɗaure kansa da igiya a jikin jirgi. Wanda ya faɗa ruwa cikin duhu alhali abokansa na barci, samunsa abu ne mai matuƙar wuya.

Ruwa da abinci

Duk da cewa ruwa ya kewaye su, ba a shan na teku, domin kowace lita tana ɗauke da gishiri kimanin giram 35. Jiragen sukan yi guzurin ruwa a tankuna da jarkoki, wasu kuma suna da na'urar tace gishiri. Amma na'ura tana iya lalacewa, don haka akan wanke kwanuka da ruwan teku, wanka kuma sai bayan kwanaki.

Kayan lambu da na marmari akan rataye su a raga domin su sha iska, a fara cin masu saurin ruɓewa. Daga baya sai a koma ga shinkafa, taliya, abincin gwangwani da kifin da aka kama da ƙugiya. Murhun kansa an rataye shi ne ta yadda zai riƙa lilo, tukunya ta zauna daidai ko da jirgi ya karkata.

Nesa da agaji

Kowace safiya akan zagaya a duba igiyoyi da filafilai, saboda gugar juna ba dare ba rana tana cinye su. Akan kuma auna wutar batura, wadda na'urar tuƙi da rediyo suka dogara a kanta.

Dalilin wannan taka-tsantsan shi ne, a tsakiyar teku jirgi mai saukar ungulu ba ya iya kai ɗauki. Idan wani ya ji rauni, likita yakan ba da shawara ta wayar tauraron ɗan Adam, sauran aiki kuma yana hannun abokan tafiya, har sai wani jirgi da ke kusa ya iso, abin da kan ɗauki yini ko fiye.

Shi ya sa kyaftin kan zaɓi abokan tafiyarsa da kyau. A ɗakin da bai kai girman shago ba, wanda ya makara wajen karɓar gadi ko ya ɓarnatar da ruwa, kowa ne zai ɗanɗana kuɗarsa.