Idan likita ya sa wa mai ciki ranar tiyata, me yake nufi?

A makon jiya wata Hajiya ta shigo kantin maganin da nake aiki a Agege, matar ɗanta mai tsohon ciki na biye da ita. Ta ajiye katin awo a gabana ta ce, "'Yata, duba min nan. Ƙanin mijinta ya karanta mana, ya ce wai ita ta zaɓi a yi mata aiki. Mu da muka haifi takwas a ɗaki ba mu mutu ba." Yarinyar ta sunkuyar da kai, ba ta ce uffan ba.

Da na duba katin, sai na ga inda gizo ke saƙar. An rubuta "elective CS", a ƙasa kuma an sa dalili: mabiyiya ta sauko ta rufe bakin mahaifa. Na ce, "Mama, wannan ba zaɓinta ba ne. Idan ta jira naƙuda da wannan matsalar, jini zai iya ɓalle mata kafin ku kai bakin titi."

Mai karatu, wataƙila a gidanku ma an taɓa yin wannan muhawara. Kalmar ta yi kama da wadda Bature ke kiran zaɓen 'yan siyasa da ita, shi ya sa mai ɗan Turanci yake fassara ta da "son rai". A bakin likitoci kuwa, abin da take nufi shi ne aikin da aka tsara aka sa masa rana tun kafin naƙuda ta zo. Kishiyarta ita ce "emergency", wato tiyatar gaggawa da ake yanke shawararta a kan lokaci.

Ko a ƙasar masu harshen, kalmar ta jawo wa mata gori. A Birtaniya, hukumar NICE mai fitar da ƙa'idojin jinya ta sabunta ƙa'idarta a 2021, ta sa mata sunan da ke nufin haihuwa ta hanyar tiyata maimakon tsohon sunan da ke nuni da yanka. A 2022 ƙungiyar ungozomomin ƙasar ta ba da shawarar a riƙa cewa tiyatar da aka tsara da wadda ba a tsara ba.

Asibitoci da yawa kuma suna kasa tiyatar haihuwa gida huɗu. Na ɗaya, ran uwa ko na jariri na cikin haɗari nan take, ana son a ciro shi cikin minti 30. Na biyu, akwai matsala amma ba ta kai ta farko ba, ana son a gama cikin minti 75. Na uku, babu haɗari a yanzu amma bai kamata a daɗe ba. Na huɗu shi ne wanda aka sa wa rana. Idan kin ga lamba 4 a takardarki, ba a ce aikin ba shi da muhimmanci ba. An ce akwai lokacin shiri.

Dalilan da ke sa a tsara shi sanannu ne: mabiyiya ta tare hanya, jariri ya kwanta a gicciye ko ya juyo da ƙafa ko mazaunai, tagwayen da na farkonsu bai sauko da kai ba, macen da aka yi wa tiyatar haihuwa sau biyu ko fiye, wadda aka taɓa buɗe wa mahaifa don cire ƙari, da wadda aka ɗinke wa yoyon fitsari. Akwai matan da kan nemi aikin da kansu saboda tsoro ko wahalar da suka sha a baya, kuma su ma likita kan zauna da su a tattauna. Amma a nan ƙasar ba su ne masu yawa ba.

Hasali ma matsalarmu ƙarancin tiyatar ce. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kusan kashi 3 cikin 100 na haihuwa ne kawai ake yi ta tiyata a Najeriya, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a duniya baki ɗaya adadin ya kai kashi 21. Binciken ya kuma ƙiyasta mata 512 ke mutuwa a kowace haihuwa 100,000. A watan Nuwamba 2024 Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya sanar da shirin tiyatar haihuwa kyauta ga mata marasa ƙarfi. Amma ko an ɗauke kuɗi, macen da ake ce wa raguwa a gida ba za ta je ba.

Ku saurari yadda muke magana a gidan barka. Mukan ce "wance ta haihu da kanta", ɗayar kuma "ta kasa, sai da aka yanka ta". Yarinya mai cikin fari tana jin wannan tun tana ɗakin uwarta. Ranar da likita ya sa mata rana, sai ta ɓoye katin ta tafi neman rubutu da jiƙe-jiƙe, har a kawo ta tsakar dare jini na zuba. A lokacin aikin da za a yi cikin natsuwa ya koma na gaggawa, kuma haɗarin zubar jini da kamuwa da cuta ya fi yawa a na gaggawa. Me zai hana mu ce "an sa mata ranar haihuwa", ko "ta haihu ta tiyata"? Haihuwa ce ta yi, da jininta da ɗinkinta.

Idan ke aka sa wa rana, ga abin da nake gaya wa masu zuwa wurina. Yawanci ana sa ranar ne daga mako na 39, domin huhun jariri ya ƙarasa ƙwari, sai dai idan akwai dalilin yi da wuri. Ki kwashe duk magungunan da kike sha ki nuna wa likita, musamman na hawan jini, na suga, asfirin da allurar tsinka jini, har da na gargajiya. Kada ki daina ko ɗaya da kanki. Za a hana ki abinci na aƙalla awa shida kafin aiki. Galibi allurar baya ake yi, idonki biyu za ki ji kukan jaririnki. Maigida kuma ya shirya masu ba da jini tun da wuri. Idan naƙuda ta fara, ko faya ta fashe, ko kika ga jini kafin ranar, ki tafi asibiti a lokacin, kada ki ce sai ranar ta cika.

Bayan aiki, farasitamol da ibufurofen ba sa hana shayarwa idan likita ya rubuta miki, amma kodin bai dace da mai shayarwa ba. Kuma tiyata ɗaya ba ta nufin duk haihuwar gaba sai tiyata: kusan uku cikin huɗu na matan da aka amince su gwada naƙuda bayan aiki ɗaya sukan haihu ba tare da an sake ba, muddin a asibiti ne.

Hajiya ta ɗauki katin ta juya shi, ta dubi matar ɗanta ta ce, "To ke me ya hana ki faɗa min haka?" Yarinyar ta ce, "Mama, ni ma ban san abin da aka rubuta ba." Kafin ki baro ɗakin awo, ki roƙi likita ko ungozoma su faɗa miki dalilin da Hausa, ki kuma je da wanda ake jin maganarsa a gida.