Tsohon fim ɗin Amurka da ya sa maƙwabtanmu ke tsoron lamba 666

Duk wanda ya yi ciniki a kudu lokacin canjin kuɗi, farkon shekarar 2023, ya san wuyar da aka sha. A kara ga sa a ɗaure, ga mai saye a tsaye, amma babu takardar naira, sai tiransifa, ita ma ta maƙale. A kwanakin ne wata mata mai gidan abinci da ke sayen nama a wurinmu ta dube ni ta ce, "Aboki, ka gani ko? An fara. Ba saye ba sayarwa sai da lamba." Na yi dariya, ita ko murmushi ba ta yi ba. Daga baya ɗanta ya turo min wani tsohon fim a waya, ya ce in kalla zan gane abin da mamarsa take nufi. Na kalla, kuma na ga ya kamata mu da muke zaune cikin mutanen nan mu san labarinsa.

Sunan fim ɗin A Thief in the Night, wato ɓarawo da dare. An shirya shi a 1972 a garin Des Moines da ke jihar Iowa ta Amurka. Donald Thompson ne ya ba da umarni, shi da Russell Doughten suka haɗa hannu, kuma abin da aka kashe gaba ɗaya bai kai dala dubu 70 ba. Idan ka kalla za ka yarda. 'Yan wasan yawancinsu ba ƙwararru ba ne, hoton ya koɗe, wata maganar ma kamar karatun allo ake yi.

Labarin wata matashiya ce mai suna Patty. Ta farka da safe, rediyo na sanar da cewa miliyoyin mutane sun ɓace a duniya cikin ƙiftawar ido. Ta leƙa banɗaki neman mijinta, sai ta tarar da injin askinsa yashe a wurin wanke fuska yana ta ƙugi, mai shi babu. Wallahi wannan wurin kaɗai ya fi fim ɗin aljanu goma ban tsoro, kuma ba a kashe ko sisi a kansa ba, injin aski ne kawai.

Ina mijin ya tafi? Nan ne aƙidar take. Wasu Kiristoci sun yi imani cewa kafin tashin duniya za a ɗauke masu bi na gaskiya zuwa sama farat ɗaya, a bar sauran. Shi ne abin da kake ji masu wa'azin cikin mota suna kira rapture, Kiristocin Hausa kuma suna ce masa fyaucewa. Bayan haka, in ji su, sai shekara bakwai ta tsanani a ƙarƙashin magabcin Almasihu. Suna kafa hujja da wasiƙar farko zuwa ga Tasalonikawa, da kuma littafin Wahayi sura ta 13, inda aka yi maganar wata alama a hannun dama ko a goshi, wadda in ba ka da ita ba ka saye ba ka sayarwa, da lamba 666.

A fim ɗin Majalisar Ɗinkin Duniya ce ta kafa gwamnatin gaggawa mai suna UNITE, ta ce kowa ya zo a buga masa alama. Ba 666 ake rubutawa ƙuru-ƙuru ba, 0110 ake jerawa sau uku, wanda a lissafin kwamfuta kowane ɗaya shida ne. Ka ga tun lokacin an ɗaura tsoron a wuyan na'ura. Patty ta ƙi karɓa, shaguna suka daina sayar mata da kaya, aka bi ta da mota da jirgi mai saukar ungulu, ƙawayenta da ta amince da su suka bashe ta, ta faɗo daga kan gada a wata madatsar ruwa. Sai ta farka, ashe mafarki ne. Kafin ta gama ajiyar zuciya rediyo ya fara waccan sanarwar, ga kuma ƙugin injin aski daga banɗaki.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne Patty ba 'yar iska ba ce. Tana zuwa coci, tana karanta littafinta jefi-jefi, ba ta cutar da kowa. Fim ɗin na cewa duk wannan bai isa ba. Har limamin cocinta, wanda Doughten da kansa ya fito a matsayinsa, an bar shi a ƙasa yana nadama. Wato ba don arna aka yi fim ɗin ba, don mutanen cikin coci aka yi shi, musamman matasa.

Kuma ba ta silima ya yaɗu ba. Coci-coci ne suke hayar faifan, a haska a bango ko a sansanin matasa, ana gamawa fasto ya miƙe ya ce wanda bai shirya ba ya fito gaba. Da haka ya zagaya Amurka ya tsallaka ƙasashe. Aka yi masa ci gaba har uku: A Distant Thunder a 1978, Image of the Beast a 1980, The Prodigal Planet a 1983. A cikinsu ne aka shigo da injin fille kai ga waɗanda suka ƙi alamar. Amurkawa da yawa da suka kalla suna yara sun ba da labarin yadda in suka dawo daga makaranta suka tarar da gida shiru, sai gabansu ya faɗi, su ɗauka an ɗauke iyayensu an bar su. A ganina nuna wa yaro ɗan shekara takwas irin wannan zalunci ne, ko da niyyar mai kyau ce. Littattafan Left Behind da suka fara fitowa a 1995, da fim ɗinsu na 2014 wanda Nicolas Cage ya fito, duk kan turbar nan suka bi.

Wani abin da ya kamata a sani: ba duk Kirista ne ya yarda da fyaucewa a wannan siga ba. Wani malamin coci, John Nelson Darby, shi ya tsara koyarwar a shekarun 1830, wani bugun Littafi Mai Tsarki mai sharhi na Scofield ya yaɗa ta daga 1909. Cocin Katolika ba ta koyar da ita. Don haka maƙwabcinka ɗan Katolika a Onica da maƙwabciyarka 'yar cocin Fentikos a Agege ba lallai bakinsu ya zo ɗaya ba. Kada ka yi musu kuɗin goro.

Mu ma dai muna da namu bayanin na ƙarshen zamani: bayyanar Dujal, saukowar Annabi Isa (AS), fitowar Yajuju da Majuju. Akwai wuraren da labarin ya yi kama, shi ya sa hira kan yi daɗi a tasha. Amma babu ɗauke muminai a ɓoye a bar sauran shekara bakwai a cikin abin da malamanmu suka karantar da mu, kuma mai son bayani a kan wannan ya tambayi malami, ni ba fagena ba ne.

To duk lokacin da gwamnati ta fito da sabuwar lamba, BVN ne, NIN ne, eNaira ce da aka ƙaddamar a Oktoban 2021, ko allurar korona, sai ka ji maganar 666 ta taso a unguwa. A 2020 hukumar kula da kafafen yaɗa labarai ta Birtaniya, Ofcom, ta hukunta tashar Loveworld ta Fasto Chris Oyakhilome kan shirye-shiryen da suka danganta korona da 5G. Mu ma ba mu tsira ba, kowa ya tuna jita-jitar allurar foliyo a Kano a 2003.

Ita dai matar nan har yau tana sayen nama a wurinmu, kuma da tiransifa take biya. Na taɓa tsokanarta na ce ina batun lamba? Ta ce ai wannan a waya take, ranar da aka ce a kawo hannu ko goshi, ranar za ta rufe shago.