Ƙadangaren Utila: Halittar Da Ba Ta Da Gida Na Biyu

Duk wanda ya ga hoton wannan dabba a karon farko zai yi tsammanin damo ne ko guza, alhali ba ya cikin danginsu. Wani nau'in iguwana ne mai ƙayoyi a jela, kuma babu inda yake rayuwa a daji sai ɗan tsibirin Utila na ƙasar Honduras, cikin tekun Karibiyan. A 1901 ne masana suka raɗa masa suna Ctenosaura bakeri. Kashin farko na sunan daga harshen Girka yake, ma'anarsa ƙadangare mai mataji, saboda jerin ƙayoyin da suka taso daga ƙeyarsa suka bi gadon baya tamkar haƙoran mataji.

Namiji kan kai kimanin santimita 75 daga hanci zuwa ƙarshen jela, mace kuwa ba ta cika wuce 55 ba. Ƙayoyin namiji sun fi tsawo, kuma yana da fata mai reto a ƙarƙashin maƙogwaro irin ta bijimi. Ita kuwa jelar, zobe-zobe ne na ƙayoyi masu tauri, da ita yake tsula wa maƙiyi bulala.

Amma ni abin da ya fi jan hankalina shi ne launinsa. Mafi yawan 'yan uwansa na Meziko da Amurka ta Tsakiya kore shar suke tun suna ƙanana, don su saje da ganye, sai sun girma su rine. Shi kuwa na Utila da duhunsa yake fitowa daga ƙwai, toka-toka mai sirkin ƙasa-ƙasa, kuma haka launin ya dace da mazauninsa: kurmin itatuwan da ke tsirowa cikin ruwan gishiri da baƙin taɓo, irin wanda mai karatu ya sani a yankin Neja Delta. A kogon waɗannan itatuwa yake ɓuya, kuma duk faɗin kurmin bai kai murabba'in kilomita 10 ba.

To, a nan matsalar take. Mace ba ta iya binne ƙwai a taɓo, dole ta fito bakin teku inda akwai rairayi mai ɗumi. A kan farin rairayi, duhun da ke ɓoye ta a kurmi shi ke tona mata asiri, ga ciki ya yi nauyi, mafarauta kuma ita suka fi nema saboda ƙwan. Kashe mace guda asarar zuriya ce gaba ɗaya. Sannan gaɓar tekun kanta ana ta yanka ta ana gina masaukin masu yawon buɗe ido, kurmin kuma ana sarewa ana cike shi da ƙasa. Ƙungiyar IUCN ta sanya shi cikin halittun da ke dab da ƙarewa.

A ganina, hana farauta kaɗai ba zai wadatar ba, muddin hukumomin Honduras ba su keɓe rairayin da matan ke saka ƙwai daga masu sayen filaye ba.