Koyarwa ta Intanet a Manyan Makarantunmu: Daga Ina Gyara Zai Faro?

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce mu duba yadda za a kyautata koyar da ɗaliban jami'o'i da kwalejoji ta hanyar intanet. A ganinmu, duk wani gyara ya kamata ya faro daga abin da ke hannun ɗalibi, watau wayarsa, da kuɗin data da zai iya saye, da wutar da zai yi caji da ita.

2.0 Waiwaye

Karatu daga nesa ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. Tun zamanin Turawa akwai akawuna da malaman makaranta da suka ci jarrabawar Jami'ar Landan ta hanyar wasiƙa, suna karɓar darussa daga kwalejoji irin su Wolsey Hall ta Ingila. A 1976 aka kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa a Kaduna, wadda ta horar da malaman firamare suna bakin aikinsu. A 1983 gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ta kafa Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa, gwamnatin soja ta dakatar da ita a 1984, sai a zamanin Shugaba Obasanjo aka farfaɗo da ita. Abin lura a nan shi ne, duk waɗannan tsare-tsare darasi suke aika wa ɗalibi, shi kuma ya karanta a lokacin da ya sami sukuni.

Da annobar korona ta sa aka rufe makarantu a watan Maris na 2020, sai aka yi watsi da wannan hikima. Makarantun da suka yi yunƙurin ci gaba da darasi, da yawansu lacca kai tsaye ta manhajar Zoom suka runguma, wadda ke bukatar malami da ɗalibai su hallara a lokaci guda, kowa da wuta, kowa da layi mai ƙarfi.

3.0 Lissafin Data

Bari mu yi ɗan lissafi, domin nan ne gizo yake saƙa. Bidiyon da ke tafiya da megabit 1 a daƙiƙa yana cin megabait 450 a awa guda. Muryar malami kuwa, in an naɗe ta a kan kilobit 32 a daƙiƙa, wanda ya wadatar a ji magana sarai, ba ta kai megabait 15 ba a awa. Ke nan datar da ɗalibi zai ƙona a laccar bidiyo ɗaya za ta ishe shi sauke lacca 30 ta murya. Haka kuma wanda layi ya yanke masa ana tsakiyar lacca kai tsaye ya yi asarar abin da ya wuce, alhali mai faifan murya yana iya komawa baya sau nawa ya ga dama, ko yana gona ko yana kasuwa.

Ba muna cewa a daina bidiyo ba ne. Mai koyar da tiyata ko haɗa sinadarai dole ya nuna, amma a gutsuttsura shi gajeru-gajeru. Laccar tarihi ko nahawu kuwa, ba mu ga abin da kallon fuskar malami na awa guda yake ƙara mata ba.

Kayan aikin yin haka suna nan, kuma kyauta. Manhajar Moodle, wadda Martin Dougiamas ɗan Ostireliya ya fitar a 2002, tana da reshe na wayar hannu da ke barin ɗalibi ya sauke darasi inda akwai layi, ya karanta inda babu. Abin da ya rage wa makaranta shi ne ta tsayar da dandali guda ɗaya, maimakon kowane malami ya buɗe zaurensa na WhatsApp, inda takardar darasi ke nutsewa cikin gaishe-gaishe da sanarwar ɗaurin aure. Sannan a ƙayyade wa malami kwanakin da zai duba jinga ya mai da amsa, a kuma lissafa wannan cikin nauyin aikinsa, domin ɗalibin da ya aika aiki ya ji shiru ba ya daɗewa bai yanke ƙauna ba.

4.0 Haruffa Masu Lanƙwasa

Akwai matsalar da ta keɓanta ga mu masu koyar da Hausa. Haruffan ɓ da ɗ da ƙ suna cikin tsarin Unicode, kuma allon rubutu na Gboard yana da su, amma ɗalibai da yawa ba a taɓa nuna musu yadda za su kunna shi ba. Kwamfutar da ke gyara jarrabawa da kanta ba ta san uzuri ba: in amsar da aka ɗora mata ita ce "ƙafa", wanda ya rubuta "kafa" ya faɗi, ko da laifin wayarsa ne. Saboda haka muna ba da shawarar kowane sashen Hausa ya keɓe darasin farko na zango domin saita allon rubutu a wayoyin ɗalibai, kuma kada a ɗora wata jarrabawa sai an gwada ta a kan ƙaramar waya irin wadda akasarinsu ke riƙewa.