Sunan Sukari a Kan Dutse, Unguwa, Waƙa da Fim

 Gaisuwa ga mutanen Zandam da sauran garuruwan ƙasar Gwaram da Birnin Kudu, manya da yara, na gona da na kasuwa.

Bahaushe ya saba raɗa wa wuri sunan abin da ake sayarwa a cikinsa. A Kano akwai 'Yan Awaki, akwai 'Yan Lemo, akwai 'Yan Katako, kuma wanda ya ji sunan ya san abin da zai tarar. Sauran al'ummun duniya ma haka suke. Yau shirinmu zai bi sawun sukari, wanda sunansa ya hau kan duwatsu da unguwanni da waƙoƙi da finafinai a nahiyoyi daban-daban. Sunan da daɗin ji, amma a bayan akasarin wuraren nan akwai gumin bayi da fursunoni da talakawa, har da na Hausawa.

Zaƙi ba baƙo ba ne a kudancin Jigawa. Da hunturu ya kama, duk wanda ya bi hanyar da ta taso daga Kano ta Wudil zuwa Birnin Kudu da Gwaram zai ga masu rake sun jingina dammuna a bakin titi suna ferewa suna yankawa gaɓa-gaɓa. Ga kuma alewa da mazarƙwaila a faifan 'yan talla. A Kwalejin Gwamnati ta Birnin Kudu ne ma Alhaji Aliko Dangote ya yi karatun sakandare a shekarun 1970, kafin ya shiga fataucin sukari da shinkafa, ya kafa matatar sukari a Apapa ta Legas, daga baya ya sayi kamfanin Savannah da ke Numan a Jihar Adamawa.

Masu yin mazarƙwaila, irin na ƙasar Maƙarfi da suka yi suna a kanta, sukan matse rake a injin, su dafa ruwan a babban kasko har ya yi kauri, sannan su zuba a ƙananan mazubai ya daskare. Kusan haka Turawan Fotugal suka riƙa yi a Brazil tun ƙarni na 16, sai dai mazubinsu na yumɓu ne mai tsini, sukarin ya fito kamar ƙaramin tsauni. Wannan siffa ce ta ba dutsen da ke bakin teku a birnin Rio de Janeiro sunansa, Pão de Açúcar, wato curin sukari. Tsayinsa mita 396, kuma tun 1912 ake hawansa da keken da ke rataye a igiyar ƙarfe. A kan wannan igiya aka shirya faɗan James Bond a fim ɗin Moonraker na 1979.

To su wa suka noma raken da ya cika waɗancan mazubai? Bayi ne daga Afirka. Brazil ta karɓi sama da mutum miliyan 4, fiye da kowace ƙasa a wancan ƙetaren, kuma ba ta haramta bauta ba sai 1888. A yankin Bahia, cibiyar gonakin rake, an tara Hausawa masu yawa da aka kama a yaƙe-yaƙen da suka biyo bayan 1804, aka bi da su kudu har bakin teku aka sayar. Ba su zauna sun rungume hannu ba. A 1807 hukuma ta bankaɗo shirin tawayen da Hausawa suka ƙulla a birnin Salvador. A 1809 sun sake yunƙurawa, haka ma a 1814. A watan Janairun 1835, cikin goman ƙarshe na azumi, bayi Musulmi, akasarinsu Yarabawa tare da wasu Hausawa, suka fito titunan Salvador sanye da fararen riguna. An murƙushe su kafin gari ya waye sosai, kuma a jikin waɗanda suka faɗi an sami layu da takardu masu rubutun Larabci.

A nan Afirka ta Yamma ma akwai takwaran wancan dutse, Sugar Loaf, a bayan birnin Freetown na Saliyo. Ranar 14 ga Agustan 2017, bayan ruwan sama mai yawa, gefensa ya zaftare kan gidajen unguwar Regent, sama da mutum 1,000 suka rasu ko suka ɓace.

(Kiɗa)

Masu sauraro, daga nan sai Amurka. A Jihar Texas, kusa da Houston, akwai gari mai suna Sugar Land, wanda ya girma a gindin kamfanin sukari na Imperial. Masoya fim sun san sunan ta hanyar The Sugarland Express na 1974, fim na farko da Steven Spielberg ya shirya musamman don gidajen silima. Labari ne da aka gina kan abin da ya faru a 1969; a fim ɗin, mata da miji sun yi garkuwa da ɗan sanda, ayarin motocin hukuma na biye da su, duk don su kai ga ɗansu. Fim ɗin ya ci kyautar tsara labari a bikin Cannes na Faransa.

Amma ƙasar garin ta riƙe wani labarin. Bayan an soke bauta a 1865, jihar ta riƙa ba masu gonakin rake hayar fursunoni, galibinsu baƙar fata, suna aiki a ɗaure. A 2018, masu haƙa harsashin wata makaranta suka ci karo da kaburbura 95 na irin waɗannan mutane, ba suna, ba alama.

A unguwar Harlem ta birnin New York kuwa, sunan ya zo ne ta hanyar buri. A shekarun 1920 baƙaƙen fata da suka sami abin hannu suka fara komawa wani tudu da ke arewacin unguwar, mutane suka sa masa Sugar Hill saboda daɗin rayuwar da suke hange a can. Makaɗi Duke Ellington ya zauna a wurin, haka masani W.E.B. Du Bois, da lauya Thurgood Marshall, wanda a 1967 ya zama baƙar fata na farko a Kotun Ƙolin Amurka. A lokacin da wariyar launin fata ta toshe ƙofofi da yawa, wannan tudu ya nuna wa yaran talakawa cewa akwai inda za a kai.

Sunan unguwar ne Sylvia Robinson ta ɗauka ta sa wa kamfaninta na faifai a 1979. Ta haɗa samari uku ta kira su Sugarhill Gang, suka fitar da Rapper's Delight, waƙa mai tsawon kusan minti 15, wadda ta zama gambarar zamani ta farko da ta shiga sahun waƙoƙi 40 mafi tashe a Amurka. Daga nan salon ya bazu duniya, har ya iso ga su ClassiQ da Morell da DJ AB da ke rera shi da Hausa a yau.

Akwai kuma Sixto Rodriguez na birnin Detroit. A 1970 ya fitar da faifai mai ɗauke da waƙar Sugar Man, wadda ke magana a kan dillalin ƙwaya da halin waɗanda suka faɗa hannunsa. Faifan bai yi kasuwa ba, mutumin ya koma leburanci a wuraren gini. Bai san cewa a Afirka ta Kudu, zamanin mulkin wariya, waƙoƙinsa sun shiga gida-gida ba, har ana raɗe-raɗin ya mutu. Wasu masoyansa biyu suka dage da cigiya har suka gano shi, ya je ya yi wasa a Cape Town a 1998. Fim ɗin da ya ba da wannan labari, Searching for Sugar Man, ya ci kyautar Oscar a 2013. Rodriguez ya rasu a 2023.

(Kiɗa)

Ɗaliban ƙasar Hausa da ke karatu a Jami'ar Azhar ba sa buƙatar mota kafin su kai Sukkariyya, layin masu sayar da sukari na da, a gindin ƙofar Bab Zuwaila ta tsohon birnin Alƙahira. Sunan layin ne marubuci Najib Mahfuz ya sa wa littafi na uku a jerin labarinsa na wani gida a Alƙahira, wanda ya fito a 1957. A ciki jikokin gida ɗaya sun rabu, wani ya bi 'Yan'uwa Musulmi, wani ya bi gurguzu, duka biyun suka ƙare a kurkuku. Hasan al-Imam ya mayar da shi fim a 1973, Mahfuz kuma ya karɓi kyautar Nobel a 1988.

Masu kallon finafinan Indiya za su tuna Cheeni Kum na 2007, wato ƙarancin sukari, inda Amitabh Bachchan ya fito a matsayin dattijon mai dafa abinci a Landan da ya kamu da son jaruma Tabu. A gida Najeriya akwai Sugar Rush na 2019, fim ɗin barkwanci kan 'yan'uwa mata da suka tsinci maƙudan daloli. Sai shirin MTV Shuga, wanda aka fara a Kenya a 2009 don faɗakar da matasa kan cutar ƙanjamau da haɗarin bin masu kuɗi, ya zo Najeriya a 2013, daga baya Rahama Sadau da Yakubu Muhammad suka fito a cikinsa.

Abin lura shi ne, a duk waɗannan wurare an sami wanda ya tsaya ya rubuta, ya rera, ko ya ɗauka da kyamara, shi ya sa sunayen suka tsallaka teku. Ƙasar Hausa na da nata kayan. Tarihin Hausawan Bahia kaɗai ya isa fim mai dogon zango, kuma masana sun riga sun tattara bayanansa. Kira ga marubuta da masu shirya finafinan Kannywood da mawaƙa shi ne su waiwayi wannan tarihi, su isar da shi ga jama'a da harshen waɗanda suka yi shi. Ku kuma matasan Zandam da Gwaram da Birnin Kudu, ku zauna da dattawanku ku tambayi dalilin sunan kowace unguwa da fadama da dutse na garinku, ku rubuta tun masu sani suna raye.