Ƙuri'ar farko a zango: tsakanin kaka, yaya da kwata

Ana saura mako uku a yi zaɓen 7 ga Disamba 2024, wata tsohuwar ɗalibata ta tare ni a ƙofar makaranta. Ni na koyar da ita a JHS. Yanzu shekararta 19, tana taya mahaifiyarta sayar da koko da ƙosai, katin zaɓenta kuma sabo fil, a watan Mayu ta yi rajista.

"Ticha, wa zan zaɓa? Wallahi gidanmu ya rabu biyu."

Kakarta ta ce har ta mutu ba za ta dangwala wa giwa ba. Da idonta ta ga 1969, lokacin da gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su bar Ghana, aka loda maƙwabtanta a manyan motoci zuwa Najeriya. A wurinta NPP jikar wannan gwamnati ce, magana ta ƙare. Yayanta kuwa, da abokansa na wurin shan ataya, cewa suke yi ba a taɓa ganin ɗaya daga cikin manyan jam'iyyun nan biyu ta tsayar da Musulmi takarar shugaban ƙasa ba sai Bawumia. Mu da ba mu wuce kashi 20 cikin 100 ba, in muka bari wannan dama ta wuce, yaushe kuma?

Ban faɗa mata suna ba. Ni kaina a 2012 abin da babana ya ce shi na dangwala, na karɓi riga mai hoton ɗan takara, har yau ina jin kunyar abin. Sai na ba ta abin da aka koya mana a kwalejin horar da malamai: in kana son sanin halin yaro, kada ka dube shi lokacin da ya san kana kallo. Na ce ta fara da 'yan takarar majalisa, tunda su tana iya ganinsu ido da ido.

Ashe da gaske ta ɗauka. Ta sayi ƙaramin littafi tana rubutawa.

Ɗaya ya zo Juma'a da farar babbar riga, ya ba masallaci buhunan siminti, aka yi ta kabbara. Da aka fito, wata tsohuwa ta dafa motarsa tana son magana, ya daka mata tsawa a gaban jama'a. Ta rubuta. Ɗayan ya zo zaman makoki, ya zauna daidai lokacin da mai hoto yake buƙata, ya tashi kafin a shafa addu'a. Ta rubuta. Dukansu sun yi alkawarin gyara babbar kwatar da ke malalowa cikin gidaje duk damina, alkawarin da ta ce tun tana firamare take jin sa. Amma ɗaya kaɗai ne, da wani matashi ya tambaye shi ina aka kwana kan wancan alkawari, ya tsaya ya amsa ba tare da yaransa sun yi wa mai tambayar ihu ba. Amsar ba ta gamsar da ita ba. Tsayuwar ce ta rubuta.

Abin da ya fi ba ta wuya a gida yake. Wakilan wani ɗan takara sun kawo atamfa da ambulan, mahaifiyarta ta karɓa, don jarin koko ya yi ƙasa. Ita ta ƙi nata. Kwana biyu ba su yi magana ba. Ban ga laifin uwar ba, na san kuɗin gero a kasuwa.

Na shugaban ƙasa fa? Su sai a rediyo da TikTok take ganinsu. Na ce ta duba yadda mutum yake yi in ya faɗi. Mahama yana kan mulki ya sha kaye a 2016, ya kira Akufo-Addo ya taya shi murna, ya miƙa mulki. A 2020 bai yarda da sakamako ba, ya je Kotun Ƙoli, ta kori ƙararsa a Maris 2021. Ta ce, "To Bawumia fa?" Na ce shi bai taɓa tsayawa a matsayin ɗan takarar shugaban ƙasa ba, balle a ga faɗuwarsa.

Ranar Asabar ɗin na hango ta a layi tun kafin ƙarfe bakwai, tana riƙe da hannun kakarta. Washegari da safe, tun hukumar zaɓe ba ta sanar da sakamako ba, Bawumia ya fito ya ce ya faɗi, ya riga ya kira Mahama.

Ran Litinin na je sayen koko. Tana zuba mini ta ce, "Ticha, ka gani? Wannan halin sai bayan zaɓe ya fito. Da me zan auna shi ran Asabar?"

Ban da amsa. Na tambaye ta wa ta zaɓa, ta yi dariya ta ce ko kakarta ba ta faɗa wa ba. Littafin dai yana nan a ƙarƙashin teburin ƙosai, ta buɗe sabon shafi ta rubuta 2028, a ƙasa kuma ta sa ranar da aka yi alkawarin kwata.