Yadda Ake Kare Turakun Lantarki Daga Aradu

Duk wanda ya yi damina a unguwar Fadikpe da ke Minna ya san yadda hadari kan taso daga gabas da la'asar, a yi walƙiya, fitila ta ƙyafta, sa'an nan ta dawo. Sau da yawa wannan ƙyaftawa alama ce cewa aradu ta faɗa wa layin wuta a can daji, na'ura ta yanke wutar, ta kuma mayar da ita cikin ƙiftawar ido.

Jihar Neja ce gidan madatsun Kainji, wadda aka buɗe a ƙarshen shekarun 1960, da Shiroro a kan kogin Kaduna, wadda ta soma aiki a 1990 da ƙarfin megawat 600. Daga Shiroro manyan layuka masu bolt 330,000 suka nufi Kaduna da Jebba da Abuja. Turakun ƙarfen da ke ɗauke da su sun ɗara yawancin itatuwan daji tsawo, ita kuwa aradu abu mai tsawo take nema.

In mai karatu ya ɗaga kai zai ga wata siririyar waya a can ƙololuwar turke, sama da sauran. Ba don kai wa kowa wuta aka ɗaura ta ba. Aikinta ta tare aradu, ta miƙa wa ƙarfen turken, shi kuma ya zubar da ita cikin ƙasa. Dabarar ta samo asali ne daga gwajin da Benjamin Franklin ya yi a Amurka cikin 1752.

Amma fa a gindin turke ne maganar take. Ƙasa mai laima takan shanye aradu nan da nan. Ƙasar duwatsu irin ta kewayen Minna kuwa ba ta karɓa da sauƙi, sai wutar aradun ta rasa mafita, ta tsallake tangaran ɗin da ke riƙe da waya, ta shiga layin. Domin haka injiniyoyi kan kafa sandunan ƙarfe cikin ƙasa, su binne dogayen wayoyi daga ƙafafun turken, suna neman awon ya sauko zuwa om 10 ko ƙasa da haka.

Abin takaici, waɗannan wayoyi da ƙarafa ne ɓarayi ke tonewa su sayar wa 'yan jari-bola, turke na tsaye kamar lafiya lau alhali ba shi da kariya. Jama'ar Arewa sun ga abin da rasa layi guda ke jawowa a watan Oktoba na 2024, sa'ad da aka lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, jihohi da dama suka yi kwanaki cikin duhu. A ganinmu ya kamata kamfanin TCN ya auna gindin kowane turke kafin ruwan farko, ya kuma ja masu unguwanni da manoman da ke noma kusa da layin a jiki, domin su ne ke fara ganin ramin da ɓarawo ya tona.